Kifi Ba Ya Alwala

Ranar Talata da hantsi kifin Tafkin Kwari ya fara tasowa sama da fararen cikkuna. 'Yan matan da suka je wanki ne suka fara gani, suka bar kwallayensu a bakin ruwa suka dawo gari a guje. Kafin a kira azahar babu wanda bai ji ba a Kwarin Gawo.

Zaharaddini yana kan babur, injin feshi goye a bayansa, labarin ya same shi a ƙofar masallaci. Bai sauka ba. Ya juya ya nufi tafkin, yana ce wa ransa ƙarin gishiri ne irin na yara, wataƙila zafin bazara ne ya kashe 'yan karfasa biyu ko uku. Da ya isa sai ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ruwan ya yi fari fat tun daga gindin gawo har ɗaya gaɓar. Karfasa ce birjik, da manyan tarwaɗa irin waɗanda hannu ɗaya ba ya riƙewa, wasu sun sandare, wasu suna juyi a wuri ɗaya kamar masu neman ƙofa. A tsakiyarsu ga Baba Kolo tsamo-tsamo cikin ruwa har ƙugu, yana tsintar su yana zubawa a kwando.

Duk wanda ya san garin ya san abin da tafkin nan yake a wurin tsohon. Kwarin Gawo ƙauye ne da gonaki suka matse shi ta ko'ina, gonar wannan tana jingine da ta wancan, kuma ruwan da ke kai bazara a sarari wannan tafki ne kaɗai. Shekara uku da suka wuce ya kusa zama juji, leda da tsumma da laka sun cike shi, awaki ma sai su sunsuna su wuce. Baba Kolo, Babarbaren da ya zo garin yana saurayi daga bakin Tafkin Chadi shekara arba'in ke nan, shi ya yi ta zarya ƙofar dagaci har aka gaji da shi aka kira gayya. Kwana tara ana yasa. Aka kwashe ledar, aka kai baƙar lakar gonaki, damina ta zo ta cika shi fal. Tsohon ya samo irin kifi ya zuba, ya kafa gora mai jan ƙyalle a bakin ruwa, alamar an rufe shi: ba ƙugiya, ba koma, sai ranar su a ƙarshen bazara, ranar da gari duka zai shiga a kama a raba. Su na bana saura kwana shida.

Wannan tsoho kuma shi ne mahaifin Fanna, wadda ranar Juma'ar nan magabatan Zaharaddini za su je neman aurenta.

Idon Zaharaddini ya kai gindin gawon, inda kifin ya fi taruwa. Shekaranjiya Lahadi a nan ya tsuguna. Sun wuni shi da abokin sana'arsa Khalilu suna feshin tumatir a fadama, don tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta sa kowa a gaba, masu gonaki suna ta cewa a ƙara wa maganin ƙarfi. Da suka tashi, akwai sauran magani mai yawa a tankinsa. Ya tuttule shi a tafkin, ya ɗauraye tankin, ya ɗauraye kwalabe biyu. Khalilu ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce anya kuwa, ruwan Baba Kolo ne fa. Zaharaddini ya yi masa dariya. Ba a banza ake ce masa Malam a garin ba, ya gama sakandare a Minjibir, ya kuma yi shekara shida yana ɗaukar karatu a zauren Liman. Ya karanto masa hukuncin da ya haddace tun yana yaro, cewa ruwa mai yawa ba ya ɓaci matuƙar launinsa bai canja ba, ɗanɗanonsa bai canja ba, warinsa bai canja ba. Ya kamfato a tafin hannu ya nuna masa, garau. Don ya ƙara kwantar masa da hankali ma, ya matsa gefe ya yi alwalar la'asar a ciki. Sai Khalilu ya saki jiki ya wanke nasa shi ma.

Ba ranar suka fara wanke tanki a nan ba. Amma da can tafkin a cike yake. Yanzu bazara ta shanye shi, ya koma ɗan abin da yaro zai jefa dutse ya tsallake.

"Ɗana, miƙo mini wancan kwandon," in ji Baba Kolo daga cikin ruwa.

Zaharaddini ya sauke injin, ya kifa shi a bayan babur inda ido ba zai kai ba, ya naɗe wando ya shiga. Har rana ta yi sanyi suna jida. Mutane sun fara ɗiba za su kai gida, suna cewa ai rabonsu ne ya zo da wuri, tsohon ya hana. Ya ce kifin da ya mutu bai faɗi abin da ya kashe shi ba, ba ya shiga tukunya. Ya ƙwace a hannun yara, ya tsawatar wa manya, ya sa aka haƙa rami can nesa aka zuba, aka tara kara aka cinna wuta. Wannan hayaƙin ne ya ja masa. Kafin magariba an fara raɗa a majalisu cewa tsohon ne ya zuba wa ruwan guba don ya kwashe manyan ya yi banda ya kai kasuwar Ɗanbatta, abu ya fi ƙarfinsa, shi ne ya ƙone shaida. Wani ma ya ce ai baƙo baƙo ne, ko ya haifi jikoki a gari.

Da yammar nan Zaharaddini ya je ƙofar gidan su Fanna kamar yadda ya saba. Fanna ta fito da mayafinta ruwan ƙasa. Wata goma sha huɗu yana zuwa wannan ƙofa, ya san duk yadda take fitowa. Ya san fitowar tsokana, wadda takan toshe hanci ta ce Malamin feshi ya iso, sauro ku yi ta kanku. Ya san fitowar kunya, wadda takan tsaya tana wasa da gefen mayafi har sai ya yi magana sau uku. Ita ce yarinyar da in ta yi dariya yakan manta da ciwon kafaɗar da goyon tanki ke sa masa, ita ce ya dasa wa lalle a bayan sabon ɗakinsa tun kafin ya yi masa rufi. Amma wannan fitowar bai taɓa ganinta ba. Idanunta sun kumbura, ba ta ko zauna a kan tabarmar ba.

Ta ce Baba bai ci abinci ba. Ta ce tun tana ƙarama take jin yana ba da labarin yadda ruwan garinsu ya yi ta ja da baya har jiragen ruwa suka kwanta a kan yashi, shi ya sa ba ya iya ganin ruwa yana mutuwa ya yi shiru. Ta ce dagaci ya aiko, jibi Alhamis bayan la'asar za a zauna, kuma ta ji ana cewa za a cire gorarsa a karɓe riƙon tafkin.

"Malam, kai ne mai ilimi a cikinsu, kai ke yawo fadama. Ka bincika mana." Ta share ido da bayan hannu. "Wallahi duk wanda ya yi wa Baba wannan, ko ƙishirwa za ta kashe shi a ƙofar gidan nan, ba zai sha ruwa daga hannuna ba."

Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne in sha Allahu. Ya yi sallama tun kafin ladan ya hau, abin da bai taɓa yi ba.

Laraba ta zo masa kamar an zuba masa ƙaiƙayi a riga. Ya zauna a shagon mai shayi, ya tashi bai shanye ba. Ya ɗauki injin zai tafi gonar da aka kira shi, ya kai rabin hanya ya juyo. Ya sami kansa a bakin tafkin da kofi a hannu. Ya ɗebo, ya ɗaga shi saitin rana, launinsa na ruwa ne. Ya sunsuna, in ban da ƙarnin mataccen kifi babu komai. Ya ɗan taɓa da harshe ya tofar. To ina laifinsa? Hukunci ne a rubuce, malamai suka karantar, ba shi ya ƙirƙira ba. Ya ji ɗan sauƙi, ya hau babur, kafin ya kai gida sauƙin ya zube a hanya.

A bayan ɗakinsa, kusa da lallen Fanna, akwai buhun da yake tara kwalaben magani. Ya zazzage shi a ƙasa. Shekara huɗu yana wannan sana'a, abin da yake dubawa a jikin kwalba bai wuce murfi nawa ake zubawa a tanki ba. Yau ya juya ta, ya bi ta har ƙasa. Can a gindin takardar akwai jerin ƙananan zane-zane, kowanne bai kai farce ba: mutum da safar hannu, mutum yana wanke fuska, sai na ƙarshe, ɗan kifi a cikin ruwa an ja masa layi a kai. Ya ɗauki wata kwalbar, ga kifin. Ya ɗauki wata, ga shi. Duk buhun, kifaye ne suke kallonsa.

Ya tafi neman Khalilu, ya same shi a inuwar darbejiya yana gyaran bututun injinsa. Tun kafin ya zauna Khalilu ya ce masa ya san abin da ya kawo shi, kuma ya rufa musu asiri ya koma gida. Ya ce babu wanda ya gan su. Ya ce shi yana da mata da 'ya'ya uku, in aka ji, wa zai ƙara kiransu feshi a fadamar nan? Tsohon kuwa me za a yi masa, gora ce kawai za a cire, ba kai ba.

"Kai da ka ba ni fatawa, yau kai ne za ka warware ta?" ya ce yana hura bututun. "Ka bari a ɗaura, ango. In ta haihu biyu sai ka faɗa mata, ta yi fushin kwana uku."

A gida ma bai tsira ba. Kawunsa Abdulmumini, wanda zai jagoranci masu neman auren, ya zo da yamma ya ga ko goro da alawa sun kammala. Ya zauna yana ta fara'a, ya ce wasu sun ba shi shawara a dakata tunda gidan ya shiga bakin duniya, shi kuwa ya ce a'a, yarinya za su aura ba tafki ba. Ya ƙara da cewa yanzu ma ne abin zai zo da sauƙi, mutumin da gari ya juya wa baya ba zai tsaya ja-in-ja da masu son 'yarsa ba. Zaharaddini ya sunkuyar da kai. Ashe shirunsa ba kare shi kawai zai yi ba, har riba zai ci da shi.

Mahaifiyarsa, Inna Kulu, ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ta zo ɗaukar kwanon tuwon da bai taɓa ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon wani wuri daban, ta ce wa iska, wani dai a gidan nan yana cin jikinsa kamar gaiwa, Allah ya sa ba haƙƙin wani ne ya hau kansa ba. Ta wuce.

Alhamis da safe, bayan ɗalibai sun watse, ya shiga zauren Liman, Malam Muhammadu Sani. Tsoho ne mai ƙaramin jiki da tabarau ɗaure da zare, shi ya koya masa alwala, shi ya koya masa wannan hukuncin. Zaharaddini ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce wani ne ya aiko shi da tambaya. Mutum ne ya zuba wani abu a ruwa mai yawa, launi bai canja ba, ɗanɗano bai canja ba, wari bai canja ba. Shin ruwan yana da tsarki? Liman ya ce yana da shi. Zaharaddini ya yi godiya. Ya yunƙura zai tashi, sai Liman ya ce ya zauna, ai tambayar ba ta ƙare ba, mene ne abin da aka zuba? Zaharaddini ya koma ya zauna. Liman ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya daɗe yana gogewa.

Ya ce babin da suka karanta babin tsarki ne, yana gaya maka ruwan da za ka yi salla da shi. Bai ce maka duk abin da ido bai gani ba, ba ya kisa ba. Ya ce akwai wani babin, na hana cutar da bayin Allah, mutum ne ko dabba, kuma da ɗalibi bai yi gaggawar sayen babur ba da ya iso shi.

"Ka koma ka gaya wa wanda ya aiko ka, kifi ba ya alwala. Shi a ciki yake kwana." Ya mayar da tabarau. "Ka kuma ce masa an jima da la'asar za a ɗora wa wani bawan Allah kayan da ba nasa ba. Ni ba zan faɗi sunan kowa ba, don ba a gaya mini ba."

Daga nan har la'asar Zaharaddini bai san inda ya sa kansa ba. Ya hau babur ya kama hanyar Minjibir, yana cewa zai je ya sayo takalmin Juma'a, in ya dawo an riga an tashi. Ya wuce gonakin da aka share ana jiran ruwan shuka, tarin taki baƙi-baƙi a jere a cikinsu. Ya wuce amalanken shanu. Ya kai har inda ake hango tashar motocin Kano, ya tsaya. Fuskar Fanna ce a gabansa, ranar da za a kawo ta, ta zauna a bakin gado ta ɗaga mayafi ta dube shi da idon nan na yarda, shi kuma ya ci tuwonta shekara da shekaru da wannan abu ɓoye a ransa. Ya tuna muryar da ta ce masa ɗana daga cikin ruwa. Ya juya babur da ƙarfi har tayar baya ta zame.

Ya tarar an cika ƙofar dagaci. Baba Kolo yana zaune a ƙasa a tsakiya, ya sa farar rigarsa ta Idi, gorar nan mai jan ƙyalle an riga an tumɓuko ta an jingine a bango. Wani yana tsaye yana ba da shaidar hayaƙin da ya gani. Can baya, ta katangar zana, mata sun leƙo, bai duba ba don ya san wadda ke cikinsu. Dama a hanya ya biya gida ya ɗauko buhun kwalaben, sai ya ratsa mutane da shi, ya durƙusa gaban dagaci, ya zazzage.

"Ranka ya daɗe, ni ne."

Muryarsa ta fito ƙarama, sai da ya maimaita. Ya faɗi ranar, ya faɗi wurin, ya faɗi yawan abin da ya zuba da hujjar da ya kafa wa kansa. Ya ɗaga kwalba ya nuna ɗan kifin, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu, tsofaffi suna matso da ita kusa da ido. Bai ambaci Khalilu ba. Khalilu yana wurin, ya sulale ta bayan masallaci.

Wurin ya kaure. Waɗanda suka fi zaƙewa a kan Baba Kolo su suka fi ɗaga murya yanzu, wannan ya ce a kai shi ga hukuma, wancan ya ce a karya injin. Kawu Abdulmumini ya dafe kai yana salati. Sai wani dattijo mai gonar albasa ya ce a yi a hankali, don shi ma a tafkin yake wanke nasa tankin duk shekara, kuma in za a faɗi gaskiya rabin mazauna wurin nan haka suke yi. Hayaniyar ta ragu. Dagaci ya sa aka ɗauko gorar, ya miƙa wa Baba Kolo da hannu biyu, ya ba shi haƙuri a madadin gari, ya ce shi aka ɓata wa, shi zai yanke.

Tsohon ya karɓa ya ɗora a cinya. Ya daɗe yana duban Zaharaddini, kallon da ya fi duka ciwo. Ya ce kwana biyu yana jin ana kiransa baƙo a garin da ya binne 'ya'ya biyu, kuma yaron da yake ce wa ɗansa yana tsaye yana ji. Ya ce wannan ya yafe, tunda ya dawo da ƙafarsa. Amma ruwan ba nasa ba ne balle ya yafe a madadinsa.

"Gobe kada kowa ya zo gidana da goro," ya ce. "Ka je ka gyara abin da ka ɓata. In damina ta sauka na ga rai ya dawo cikin ruwan nan da idona, ka turo su. In bai dawo ba, ka nemi 'yar wani."

Bana ba a yi ranar su a tafkin ba. Wasu masu gonaki suka daina kiransa aiki, Khalilu ya daina amsa sallamarsa, yara suka sa masa suna Malam Garau. Ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya yi ta jira har ya ga malamin gona, ya dawo da abin da aka koya masa. Ya haƙa rami mai zurfi can kan tudu, nesa da duk hanyar da ruwan sama ke bi, ya shimfiɗa gawayi da yashi a ciki, dagaci ya sa aka yi shela cewa nan ne wurin wanke tanki, ruwan ɗauraya na farko kuma a fesa shi a gonar da aka yi wa aiki. Ya bi gida-gida yana karɓar tsofaffin kwalabe yana huda su, don ya tarar wasu har man gyaɗa ake zubawa a ciki. Ya kwashe lakar gindin gawo da kwando a ka, kwana goma sha ɗaya shi kaɗai, kafin wasu samari su ji kunya su kama masa. Baba Kolo yakan zo ya tsaya daga nesa, ya nuna da sanda inda za a ƙara, ya tafi. Shi ya ce a samo jema, ciyawar nan mai dogon saiwa da ake saƙa faifai da ita, a dasa ta layi-layi a bakin kwarin da ke kawo ruwa daga gonaki, ta riƙa tace shi kafin ya shiga.

Fanna kuwa ba ta sake fitowa ba. Ya aika, ba amsa. Ya rubuta takarda shafi huɗu, ta dawo masa a naɗe yadda ya naɗe ta. In ya wuce ƙofar gidansu sai ya rage gudu, ya ji ƙarar turmi a ciki, ya yi ta ƙoƙarin gane ko dakanta ne. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ci gaba da ba lallen ruwa.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo, aka yi shuka. Gawo ya zubar da ganyensa kamar yadda yake yi in kowa ya yi kore. Kwaɗi suka cika kududdufan cikin gari da kuka, amma Tafkin Kwari shiru, ruwa ne kawai yake ƙaruwa. Kullum da sassafe Zaharaddini yana can a tsugune yana leƙe, kullum ya tashi da ciwon gwiwa. Akwai ranar da ya ga wani abu ya motsa, ya matsa da sauri, ashe leda ce. Ya tsamo ta, ya zauna a kan laka ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa.

Sati na shida da saukar damina, da hantsi, yana duƙe yana cike gurbin jemar da ruwa ya tafi da ita, rana ta buɗe bayan hadari tana dukan bayansa, sai ya ga inuwa ta faɗo a kan hannunsa. Ya ɗago. Mayafi ruwan ƙasa. Ta rame ita ma. Tana riƙe da kwanon sha mai murfi, ta tsaya daga inda laka ta ƙare, ba ta dube shi ba.

Ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannayensa. Ya fara cewa ta yi haƙuri, ta katse shi. Ta ce ba don shi ta zo ba, ta zo ne ta ga abin da ya hana Baba karyawa. Ta ce tun asuba Baba ya fito, ya daɗe a tsugune a wancan lungun inda jema ta fi kauri, ya koma gida ya sa an share zaure an fito da sabuwar tabarmar tarbar baƙi.

Zaharaddini ya taka cikin ruwan zuwa lungun, a hankali, kamar mai tsoron tashin jariri. Ya buɗa ciyawar da yatsu. A ƙarƙashinta, tsakanin saiwoyi, wasu 'yan baƙaƙen abubuwa masu wutsiya suna ta wutsil-wutsil, sun fi a ƙirga. 'Ya'yan kwaɗi ne. Can gefe kuma wani siririn abu mai sheƙi ya gilma ya ɓace.

Da ya juyo, ta buɗe murfin kwanon, ta miƙo masa da hannu biyu. Ya tsaya yana kallon ruwan, ya ce ai ta rantse.

"Na sani," ta ce. "Azumi uku na yi saboda kwanon nan. In ka zubar da ko ɗigo, Malam Garau, kai za ka rama mini."

Ya goge hannunsa a riga, bai gogu ba, ya karɓa da lakar.